Jirgin ba shi da wahala, filin ne ke cin mutum

Wani ƙanena daga wajen Kafin Hausa ya turo min tambaya, yace ya samu aiki da wani kamfanin kayan gona, an faɗa masa duk wata sai ya hau jirgi sau biyu ko uku, Legas da Abuja, wataƙila ma nan gaba har waje. Wai a garinsu har abokai sun fara ce masa "na sama". Shine yake cewa, "Yaya, wai akwai wata wahala a ciki ne, ko daɗin ne zalla kamar yadda muke gani a hoto?"

Toh ƙanena, da farko dai Allah ya sanya alheri, ya sa abincinka ne. Ni shekara goma sha uku kenan ina saya wa kamfani riɗi da zoɓo, kuma ban taɓa ƙaura daga ƙauyenmu ta wajen Malam Madori ba, nan iyalina suke nan gonata take, saboda haka abin da zan faɗa maka na mutumin ƙauye ne irinka, ba na wanda gidansa ke Nassarawa GRA ba minti goma ya isa eyafot. Jirgin kansa ba shi da wata wahala, ka zauna a ɗaure maka bel, kafin ka gama hamma an ce za a sauka. Abin da babu mai ɗauka a hoto shi ne zaman filin.

Bari mu yi lissafi irin na kasuwa. A takarda Kano zuwa Abuja awa ɗaya ne, bai ma cika ba, Legas kuma wajen awa ɗaya da rabi. Oganka a ofis wannan lissafin kaɗai ya sani, shi ya sa zai kira ka da la'asar yace gobe ƙarfe goma sha ɗaya akwai mitin, ka biyo jirgin safe. Amma jirgin safe yana nufin ka kasance a filin Malam Aminu Kano tun asuba, mu kuma daga ƙasar Haɗeja ba mai hankalin da zai kama hanya ƙarfe biyun dare, dole yau ɗin nan za ka bar gida, ka shiga motar haya ka jira ta cika, ka sha hanya ta Gujungu da Ringim da Gezawa, ka sauka Yankaba bayan magariba, ka nemi adaidaita zuwa gidan wani ɗan'uwa ka kwana a falo ana ta yi maka sannu da zuwa kai kuma kunya ta ishe ka saboda wannan ne karo na uku a wata ɗaya. Ka tashi ƙarfe huɗu. Ka isa fili, layin shiga, layin awon kaya, layin bincike a cire bel a cire takalmi a fito da laftof. In Allah ya taimake ka jirgi ya tashi kan lokaci, ka sauka Abuja, filin Nnamdi Azikiwe kuma yana wajen gari ne kusan kilomita arba'in, ga cunkoson Lugbe da safe. Tafiyar awa ɗaya ta cinye maka yini da kwana, kuma wannan lissafin ranar da komai ya tafi daidai ne fa.

Akwai filin jirgi a Dutse, wanda aka gina zamanin Sule Lamido aka buɗe a 2014, alhazanmu na tashi daga can, amma mu masu yawon aiki har yau yawancin tafiyarmu ta Kano ce.

Ranar da komai bai tafi daidai ba kuwa ita ce ta fi yawa, kuma gara ka fahimci dalili tun yanzu don kar ka riƙa ɗora wa kanka hawan jini a banza. Jirgin da zai ɗauke ka ba ajiye yake yana jiranka kamar motar layi a tasha ba. Jirgi ɗaya ne ake juyawa, ya tashi Legas ya je Abuja, ya zo Kano, ya koma, ya tafi Fatakwal ko Yola, haka har dare. Idan ya makara awa ɗaya a zangon farko, makarar nan haihuwa take yi, kafin ta iso kan mai tikitin yamma ta zama awa uku ko huɗu. Shi ya sa duk wanda ya daɗe a harkar yake neman jirgin farko na safe ko da zai kwana a zaune. Sai kuma hazo, wanda mu a gida murna muke da shi saboda alkama tana son sanyi, amma daga Disamba zuwa Fabrairu shi ne babban abokin gabar matafiyi, don kowane fili yana da iyakar nisan da dole matuƙi ya iya hangowa kafin a bar shi ya sauka, in ƙura ta rufe bai kai wannan ba, ko ya yi ta shawagi a sama ya juya, ko ma kar ya taso tun daga can. Da damina kuma hadari da tsawa. Ga matsalar man jirgi, ka tuna a watan Mayun 2022 har kamfanonin jiragen cikin gida suka yi barazanar tsayar da aiki gaba ɗaya saboda tsadarsa. Ga fitar manya, a tsayar da kowa sai jirgin shugaban ƙasa ya wuce. Ga filayen da ba su aikin dare, rana na faɗuwa an rufe, in jirginka ya makara ya wuce lokacin toh sai gobe. Wani lokacin ma filin ne dungum, kamar 2017 da aka rufe na Abuja sati shida ana gyaran titin sauka, aka maida kowa Kaduna, ka sauka can sannan ka kama hanya.

Duk wannan da sauƙi da ana faɗa maka gaskiya. Abin da yake ƙona rai shi ne rashin sani. A tasha in mota ba ta cika ba kana gani da idonka, saura mutum uku, in kana sauri ka biya kuɗin kujerun a tafi, ko ka sauke jakarka ka koma wata. A filin jirgi ba ka da wannan ikon. Jakarka ta riga ta shige ciki, kai ma an tantance ka ka shige, sai wata murya a lasifika wadda rabin maganar ba ka ji, wai ana ba da haƙuri saboda dalilai na aiki, za a sake sanarwa nan da minti talatin. Wannan minti talatin ɗin ita ce ƙaryar da ta fi kowace tsawon rai a ƙasar nan. Da za su ce maka tun farko sai ƙarfe biyar, da ka fita ka shiga Dawanau ka duba farashi, ka gaida 'yan'uwa, ka ci abinci mai kyau ka dawo. Amma a'a, gutsi-gutsi za a riƙa ba ka, ba ka isa ka matsa ba, ba ka isa ka yi barci ba kar a kira kana gyangyaɗi, ka zauna jiran gawon shanu kunnenka a sama.

Kana da haƙƙi fa, kuma yawancin mutanenmu ba su sani ba. A ƙa'idojin hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, sashe na 19, idan jirgin cikin gida ya makara dole a faɗa maka dalili cikin minti talatin, in ya kai awa biyu a ba ka abin taɓawa da na sha, in ya wuce awa uku kana iya cewa ka fasa a maido maka kuɗinka, in kuma abin ya kai tsakanin goman dare da huɗun asuba a nema maka masauki da motar kai ka. Haka yake a rubuce. A aikace sai ka tashi ka je teburin ma'aikatan kamfanin jirgin ka tambaya, cikin ladabi amma ba da sanyin jiki ba, don mu Hausawa kunya da "Allah ya kawo sauƙi" suna sa a mance da mu a kujera, waɗanda suka iya ɗaga murya su ake fara sallama. Ka ajiye tikitinka da bodin fas, wato takardar shiga jirgi, ka ɗauki hoton allon sanarwa, hukumar tana da teburin karɓar koke a manyan filaye. Amma ka sani in hazo ne ko hadari ba a biyan diyya, don ba laifin kowa ba ne. Kuma maido kuɗi, tunda kamfaninku ne ya sayi tikitin, aljihunsu zai koma, kai wahalar ce kawai taka.

Maganar aljihu kuwa, nan ne zan ja kunnenka sosai. Ruwan gora ɗaya a ciki kuɗinsa zai sayi jakar fiya wata a garinku har da canji. Shinkafar da za a zuba maka a roba, wadda ko yaro ba za ta ƙosar ba, kuɗinta ya isa cefanen gidanka na yini. Kuma ba wai kana da zaɓi ba ne, ka wuce bincike ba mai kosai ba mai shayi ba mai tsire, su ma masu shagunan hayar da suke biya ba kaɗan ba ce, a kanka za su fanshe. Tasin eyafot kuɗinta daban. Mai tura maka kaya yana jira, wani ma bai yi maka komai ba sai "oga barka da hanya" yana murmushi. Akantan kamfani kuma kuɗin kwana da na abinci ya ƙayyade tun kafin ka tashi, bai san da zaman awa bakwai ba, abin da ba rasit kuma ba ya biya. Shekarata ta farko na zauna na haɗa abin da na kashe a filayen jirgi daga aljihuna, na ga ya kusa sayen takin da nake sa wa shinkafata ta rani, tun daga nan na dawo hankalina. Yanzu ba na fita sai da dabino da gyaɗa da kilishi da ɗan garin ƙuli a jaka, da gorar ruwa wadda babu komai ciki in na wuce bincike na nemi inda zan cika, tunda a tafiyar waje ba a barin ka wuce da ruwa ko turare ko man shafawa da ya haura mililita ɗari. An taɓa karɓe min kwalbar zuma sukutum da zan kai wa wani abokin ciniki, ina kallo aka jefa ta kwandon shara, laifina ne ban sa ta a babbar jaka ba. Fawa bank kuma akasin haka, shi a jakar hannu ake riƙe shi. Kuma dan Allah, ko limamin garinku ne ya nuna maka mutum a fili yace ka riƙe masa saƙo, in ba ka buɗe ka gani da idonka ba kar ka karɓa, mutanen kirki da yawa sun shiga uku a Jidda ta wannan hanyar.

Za a ce maka ai sai ka yi aiki kana jira, ka buɗe kwamfuta. Nima na yaudari kaina da wannan. Soket huɗu mutum ɗari biyu, kowa ya kewaye shi kamar kaji a kan tsaba, netwok yana zuwa yana ɗaukewa, jariri na kuka, wani bawan Allah a gefenka yana faɗa da yaron shagonsa a waya da ƙarfi kamar a Kwari, ga hankalinka rabi na kan lasifika. Abin da za ka iya bai wuce amsa saƙon WhatsApp ba. Aikinmu kuwa na ido da hannu ne, sai ka damƙi riɗi ka ga yashi da dusar da ke ciki, ka murza zoɓo ka ji ko ya bushe. Ranar Alhamis ɗin da ka ɓata a kujerar ƙarfe kasuwar Maigatari ta ci ta watse ba kai, Lahadi Gujungu haka, farashi ya motsa, wani ya kwashe kayan da ka yi alkawari. A wajen oga ranar nan ba ka yi aiki ba tunda ba ka iso ba. A wajen maiɗakinka da yara kuma ba ka gida. Lokaci ne da ba ya shiga littafin kowa, kuma a cikin shekarunka ake cire shi.

Jiki ma yana karɓar rabonsa. Mu da muka saba da tafiyar ƙasa, gona, masallaci, kasuwa, sai ga ka a zaune awa biyar a fili, ka ƙara awa biyu ko takwas a jirgi gwiwa a lanƙwashe. Hukumar lafiya ta duniya ta bayyana cewa zaman tafiya na awa huɗu ko fiye ba motsi yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, shi ya sa in kaga ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi bayan doguwar tafiya ba maganar man zafi ba ce, asibiti za ka. Ka riƙa tashi kana zagayawa ko da za a ɗauka ka ɓata ne. Sanyin esi ga busasshiyar iska, ka fito daga zafin Afrilu gumi na zuba ka shiga ciki kamar firij, mura da ciwon maƙogwaro ba sa rabuwa da kai. Sai cin abinci ba kan lokaci ba, biskit da lemon kwalba, ni da nake kamar sanda yanzu tumbi ya fito mutanen gari na cewa kuɗi ne ya zauna, alhali likita cewa yayi in rage sukari.

Sallah kuma, alhamdu lillahi a Kano da Abuja ba ka da damuwar wurin yi. Damuwar ita ce lokaci, ka cire takalmi da safa ka fara alwala sai kaji an kira jirginku da aka yi awa huɗu ana jira, ka rasa ta yi. Ka riƙe alwala tun daga masauki in za ka iya, ka sa ƙaramar darduma a jaka, kuma ka koma wajen malaminku ka sake bitar babin ƙasaru, a mazhabarmu ta Malikiyya tafiyar da ta kai wajen kilomita tamanin ana rage mai raka'a huɗu zuwa biyu matuƙar ba ka yi niyyar zaman kwana huɗu ba. In ka fita waje kar ka ce gabas kawai ka tayar, mu nan ne alƙibla take gabas, a Addis Ababa arewa take, a Dubai kuma yamma. Na taɓa ganin wani dattijo ɗan kasuwa yana gardama da allon da ke nuna alƙibla, wai shi tun yana yaro gabas yake kallo.

Tunda na ambaci waje, zaman jiran canjin jirgi shi ne uban duka. Daga Kano yawanci sai ka yada zango a Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha kafin ka wuce, wani zangon awa biyu kana gudu kar ka rasa na gaba, wani awa goma sha biyu ba bizar fita gari. Fitilu ba sa mutuwa, ba ka san dare ba ba ka san rana ba, kujerun an yi musu hannu a tsakani yadda ba za ka miƙe ba, shaguna reras da turare da agogo suna ƙyalli, komai da dala, kai kuma kana lissafawa da naira zuciyarka na bugawa. Rana ta farko abin kallo ne, zuwa na biyar duk filayen duniya sun zama ɗaya a idonka. Mutane za su ce ka je Habasha ka je Masar, alhali ba abin da ka gani sai tayil da banɗaki, hangen Dala ba shiga birni ba. Ga agogon jiki ya rikice, Dubai tana gabanmu da awa uku, Chaina da awa bakwai, ka dawo gida kana barci da hantsi ido biyu da tsakar dare, maiɗaki na tambaya ko lafiya.

Amma duk abin da na lissafa ana jurewa. Wanda ban jure ba na wani watan Janairu ne. Ina wani fili a kudu zan dawo, tun ƙarfe tara na safe ake cewa Kano ba a gani, hazo ya rufe. Wajen sha ɗaya wayata ta yi ƙara, ƙanina ne, yace Baffa ya cika. Baffan nan shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya sai min keken da na yi sakandare da shi, shi ya tsaya min a aurena. Ka san mu ba a ajiye gawa, aka ce bayan azahar za a kai shi. Na je kanta na yi wa yarinyar bayani, ta tausaya min har ga Allah, amma me za ta yi, ita ta kawo ƙurar? Ko da jirgi ya tashi a lokacin ma ba zan riski jana'iza ba, na san haka, amma dai da ina hanya da zuciyata ta ɗan samu abin riƙewa. Na koma na zauna. Ƙarfe biyu da 'yan mintuna ƙanina ya sake kira bai ce komai ba, ya bar wayar a buɗe a aljihu, ina jin kabbara huɗu daga nesa da iska na kaɗa rigarsa, a gefena wani yana cin mitfai yana kallon ƙwallo a talabijin ɗin bango, lasifika na ba da haƙuri. Ban san inda zan sa fuskata ba, na shiga banɗaki na kulle. Sai washegari da yamma na isa gida, na tarar an ɗauke tabarmin ranar farko, na tafi maƙabarta ni kaɗai wani yaro ya nuna min kabarin, ƙasar ba ta gama bushewa ba.

Sunan 'yata ta uku ma a waya na ji an raɗa. Kuma a ƙauye ba a karɓar uzurin jirgi, wanda motarsa ta lalace a Gezawa ana tausaya masa, amma kai da kake "sama" cewa za a yi ka zama babban mutum ka daina zumunci. Ga tsaraba, duk dawowa yara sun kewaye jaka, gwaggo ta aiko a tambaya me ka riƙo mata daga Legas, ba wanda zai yarda cewa daga fili zuwa ofis zuwa fili kawai ka yi. Ni dai na gano dabara, in na sauka Kano nake tsayawa Yankaba in sayi lemo da ayaba da burodi, kowa ya samu, ba mai tambayar daga ina.

Kar kaji wannan ka ce za ka ajiye aikin, a'a, riƙe abinka da kyau, aiki yanzu ba a wasa da shi, kuma tun da hanyar Kaduna ta lalace da masu garkuwa, har jirgin ƙasa aka tare a Maris ɗin 2022, ba mai ganin laifin wanda ya zaɓi sama. Abin da nake so kayi tun ba ka fara ba, ka zauna da ogan naka ku yi magana a fili, ranar tafiya a lissafa ta ranar aiki ce, daren da kake kwana a Kano kafin jirgin safe a sa shi cikin kuɗin kwana, in jirgi ya kwana da kai a hanya wa zai biya masauki, kuma a rubuta, kar ka yarda da "ba damuwa za mu duba". Mitin ɗin da za a iya yi ta waya ka roƙa a yi ta waya, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu. In za su yarda a haɗa maka tafiya biyu a sati ɗaya ya fi maka a warwatsa su. Sannan ka samu mutum ɗaya amintacce a gida, ƙani ko aboki, wanda ka bar wa kuɗi da izini, in rashin lafiya ta taso da dare ko ruwan gona ya yanke ba sai an jira wayarka ta shiga ba. Ka sayi rigar sanyi mai kauri ko da a Afrilu za ka fara, ka sa ta a jakar hannu tare da caja da kaya kala ɗaya, don akwai ranar da za ka sauka Kano babbar jakarka ta wuce wani garin.